Takun Beulah

Verlene Tubbs shekarunta sittin da biyu. Mijinta ya rasu shekara tara ke nan, 'ya'yanta biyu suna Chicago, ita kuma tana zaune da mahaifinta a gidan da aka haife ta, ƙarshen wata hanyar tsakuwa mil bakwai daga garin Senatobia. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ta yi ritaya. Fiyanon cocinsu kuwa tun tana 'yar shekara goma sha tara take kaɗa shi, har yau ba a sami mai karɓar ta ba. Kafin bana ba ta taɓa ɗaukar jita da niyyar kaɗawa ba, ko da yake a gindin jita ta tashi.

Jitar ta mahaifinta ce, Cleophus Tubbs, mai shekara tamanin da takwas. Marigayiya mahaifiyarta ce ta shata iyaka tun suna ƙanana: kiɗan Lahadi a falo, kiɗan Asabar a baranda. Ba ta hana mijinta kiɗansa na duniya, wato blues, ba, amma ta ce ba a cikin ɗakinta ba, ba kuma a hannun 'yarta ba. Verlene ta bi wannan doka har bayan mai dokar ta bar duniya, ba don tsoro ba, don dai ba ta ga dalilin karyawa ba. Baba yana nan, kiɗansa yana nan.

Kowace shekara, Asabar ta ƙarshe a watan Agusta, gidan Tubbs na yanka awaki huɗu a gasa a rami tun da asuba. Dangi su zo daga Memphis da St. Louis da Chicago, maƙwabta su zo da kujerunsu, a ci nama da burodi, a sha shayin ƙanƙara, a yi ta gardamar wanda ya fi wani tsufa. Amma ba mai taka rawa a filin bayan gidan sai Cleophus ya fito da kujerarsa ya kaɗa Takun Beulah. Beulah alfadarar mahaifinsa ce, kuma a wurin mahaifin nasa ya gaji kiɗan. Ba shi da waƙa. Babban yatsa ne ke dukan tsirkiyar ƙasa, ba ya ɗagawa, ba ya sauya wuri, sauran yatsu suna ɗan tsinto wani abu a sama, can sai kiɗan ya yi wani kuka ya haura, ya dawo inda yake. Baƙo kan ce abu ɗaya ake ta maimaitawa. Kafin ya gama faɗa ƙafarsa ta fara motsi.

A watan Fabrairu, da safe, Verlene ta tarar da mahaifinta a ƙasa kusa da gado. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Ya dawo a kujera mai taya, ɓarin damansa ya shanye, har da babban yatsan nan. Magana ma ta ɗauke, kalma biyu kawai suka rage masa, "a'a" da "to". Ardell, ƙanen Verlene, wanda ke gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Memphis, ya ce ai babu asara mai yawa, dama da "a'a" Baba ya rene su. Tsohon ya yi dariya da rabin baki.

Ardell ɗin ne ya ɗauko maganar taron shekara ranar Ista, suna tsakiyar cin abinci. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ya ce ya san wani mutum mai manyan lasifikoki, duk waƙar da aka nema yana da ita, ba zai tsawwala kuɗi ba, kada kowa ya damu. Cleophus ya sa hannun hagu ya ture farantinsa. Kwana uku bayan haka, Verlene ta riƙa kai masa abinci tana dawowa da shi kusan yadda ta kai. Da ta buɗe masa taga, sai ya juya fuska bango.

Ta bincika abin da aka adana na kiɗan, ta ga ba shi da yawa. Akwai kaset ɗaya da rana ta narkar a cikin motar wani tun da daɗewa. Akwai 'yan hotunan bidiyo a wayoyin dangi, minti ɗaya, minti biyu, rabin lokacin kyamarar na kan akuya, ga hayaniyar yara. Mutum ɗaya ne a duniya ya san Takun Beulah daga farko har ƙarshe, shi kuma ba ya iya kaɗawa, ba ya iya faɗa. Ta kira Ardell a waya ta ce ita za ta kaɗa.

"Ke, Yaya? Uwar coci da kanta?"

"Ni ɗin."

"Da Mama na raye, da ta bi ki da tsintsiya har bakin titi."

"Mama ba ta ga Baba yana ture faranti ba," in ji ta. Ardell ya tambaya ko ta san wata huɗu kawai suka rage. Ta ce ta iya duba kalanda.

Kuskurenta na farko na mai tsabta ne. Ta ga tsirkiyoyin sun yi tsatsa, sai ta ɗauki jitar ta kai wani shagon kayan kiɗa a cikin gari. Mai shagon mutumin kirki ne. Ya sa sababbin tsirkiyoyi, ya goge katakon, ya saita kowace tsirkiya da wata 'yar na'ura mai fitila, yadda ake saita jita a littafi. Da ya ji wani abu na ƙwar-ƙwar a ciki, ya girgiza jitar har wata busasshiyar wutsiyar maciji mai kacau-kacau da Baba ya ajiye a ciki ta faɗo, ya sa mata a ambulan ya ce ga abin da ke damun kayanta. Ta sayi littafin koyon jita, ta dawo gida tana jin ta yi aiki.

Cleophus ya karɓi jitar a cinyarsa, ya shafi tsirkiyoyin da hannun hagu sau ɗaya. Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya ce, "A'a," a hankali, kamar wanda aka kawo wa ɗan wani aka ce nasa ne.

Ya yi mata nuni ta tura shi baranda. Ta kai shi inda inuwa take, ya ce a'a. Ta matsar da shi bakin matakala, ya ce a'a. Sai da ta kai shi jikin tsohuwar firizar da ke kusurwa tun 1979, wadda ake zuba naman barewa da tarwaɗa, sannan ya ɗaga hannu. Ya jingina kansa da ita. Firizar tana ƙuginta na kullum, wanda mutanen gidan suka daina ji tun shekaru. Tsohon ya kama ƙugin da maƙogwaro, domin baki ne ya mutu, maƙogwaro yana nan. Ya nuna mata tsirkiyar ƙasa. Tana taɓawa, shi yana murɗa kunnen jitar da hannun hagu, yana sassautawa, har tsirkiyar ta yi laushi kamar za ta zube, har muryarta ta shige cikin ta firizar suka zama ɗaya. Haka suka bi sauran biyar, wata ya sassauta, wata ya ɗan ja. Da suka gama ya kama hannunta ya ja shi a kan tsirkiyoyin shida ba tare da an danne ko ɗaya ba. Amon da ya fito cikakke ne, mai duhu, wanda ta sani tun kafin ta san sunanta. Ya miƙa hannu ta ba shi ambulan, ya mayar da wutsiyar macijin cikin ramin jitar.

"To," in ji shi.

Shekara arba'in da 'yan kai tana ganinsa zaune a jikin firizar nan kafin ya fara kiɗa. Ta ɗauka don kada ya yi nisa da abin sanyi ne. Ran nan ya cinye abincinsa, har ya nemi ƙarin burodin masara.

Littafin da ta saya bai ƙara amfani ba, domin babu shafi ɗaya a cikinsa da ya san wannan saiti. Afrilu da Mayu duk a kan babban yatsa suka ƙare. Ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Wahalar ba ta fata ba ce kaɗai. A coci, kiɗa tafiya yake yi: ya fita daga gida, ya zaga, ya dawo a layi na huɗu ko na takwas, kowa ya ce amin. Hannun Verlene na hagu ya saba da wannan tafiya. Da ta yi duka goma sha shida a wuri ɗaya, sai ta ga yatsunta sun fara rarrafe suna neman wani wuri a wuyan jitar, ba tare da ta aike su ba. Nan take sandar Baba za ta ƙwanƙwasa tayar kujera. Ta yi ta dukan tsirkiya ɗaya tana kallon labarai, tana jiran wake ya nuna, tana magana da 'yarta a waya. Wajen tsakiyar Yuni yatsan ya fara tafiya da kansa, har wata Lahadi ta tsinci hannunta na hagu ya tsaya cak a wuri ɗaya a kan fiyano, mawaƙa suna waiwayenta.

Abin da sauran yatsu ke tsintowa a sama bai ba ta wuya sosai ba. Tana da kunne. Ta kwashe shi daga bidiyon wayoyi, inda ya ɓace kuma Baba ya cike mata da maƙogwaro. Ta sami kukan nan mai haurawa, ta sami dawowar. Abu ɗaya ya rage, wato lokacin da ake haurawa. Ta ɗauko littafin rubutu ta ƙirga. A wani bidiyon Baba ya zaga sau goma sha ɗaya kafin ya haura, a wani sau biyar, a wani kuma wayar ta mutu bai haura ba. Ta tsayar da takwas, don shi ne ya fi kama da hankali.

Ta kaɗa masa tsaf, babu tuntuɓe. Ya ce a'a, ya nuna ƙasa da yatsa. Ta gwada shida, ta gwada goma sha biyu. Ya ce a'a, ya nuna ƙasa. Ta share barandar. Ta kawo masa silifa. Ta duba ko maganinsa ne ya faɗi. Da Ardell ya zo ƙarshen mako, ta sa shi ya buga ƙusa a wani katako da ke motsi, ya buga yana mita cewa an mayar da shi kafinta kyauta. Tsohon ya kalle su su biyu, ya sake nuna ƙasa, idonsa ya kawo ruwa don takaici. Haka Yuli ya wuce. Farantin abinci ya fara dawowa da saura.

Ana saura mako uku, Verlene ta ja Ardell kicin ta rufe ƙofa, ta ce masa kada ya yar da lambar mai lasifikar nan. Bai tsokane ta ba, kuma wannan ya fi mata ciwo.

Gwaggo Ozella ta iso ranar Talata ta biyu a watan Agusta, kamar yadda ta saba, don ta duba tukwane ta kuma haɗa yajin naman da ba ta yarda wani ya haɗa. Ƙanwar Cleophus ce, shekarunta tamanin da huɗu, tana zaune a Como wurin 'yarta Mattie, wadda ta kawo ta a mota. Tun daga bakin hanya Gwaggo ta jiyo jitar. Ta hau matakala da sanda, tana hutawa a kowace, ta tsaya ta saurara.

"Wa ake binnewa?" ta tambaya.

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Takun Beulah ne."

"Wannan Beulah ɗin ta kwana biyu da mutuwa." Ta dubi yayanta. "Cleo, kai ka koya mata wannan? Ashe ciwon har kunne ya taɓa."

Tsohon ya ce a'a da ƙarfi, ya nuna ƙasa. Verlene ta fara bayanin shara da silifa da ƙusa. Gwaggo Ozella ta zauna a kan kujerar lilo tana dariya har da share hawaye. Da ta nutsu, ta tambayi Verlene, shekara sittin da ta yi tana ganin ubanta yana kiɗa, ina yake kallo. Verlene ta yi tunani. Ba hannunsa yake kallo ba, wannan ta tabbata. Kansa a sunkuye yake, ido a ƙasa. Ita dai ta ɗauka kiɗan ne ke ɗaukarsa, ko kuma abin da ke cikin kofinsa.

"Ƙafata yake kallo, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Tun shekarar da uwarmu ta rasu ni ke buɗe masa fili. Kafin ni, Babanmu ƙafar uwarmu yake kallo. Shi Cleo ba ya ƙirga komai. Yana nan a wuri ɗaya har sai na ja ƙafa, sannan ya haura. Na sauke ƙugu, ya dawo. In na ga dama in riƙe shi har akuya ta huce."

Ta ce mai huɗa ba ya juya garma don ya ƙirga taku takwas, sai alfadara ta kai ƙarshen kunya, kuma a gonar mahaifinsu ta kan tudu babu kunya biyu masu tsawo ɗaya. Ta ce ba a koyon kiɗan nan mutum biyu a zaune, su kuma sun yi wata huɗu suna zaune kamar masu jiran likita. Verlene ta dubi mahaifinta. Ya lumshe ido, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, hannun da ke nuna ƙasa ya koma cinyarsa.

Gwaggo ta miƙa wa yayanta sandarta ta ce ya riƙe, tun da ba shi da wani aiki. Ta kama ginshiƙin baranda da hannu ɗaya. Mattie ta ce, Mama, gwiwarki, Gwaggo ta ce gwiwar tata ce. Verlene ta ajiye littafin rubutun a kan firiza ta fara. Karo na farko idonta ya koma kan yatsunta, ta rasa jan ƙafar. Karo na biyu ta haura kafin lokaci, Gwaggo ta ce wa ya kira ta. A na uku ta kafe ido a kan takalman nan baƙaƙe masu faɗi, ta bar babban yatsa da aikinsa. Takalman suna ɗan dira, suna ɗan gogar katako. Ta wuce takwas, ta wuce goma sha biyu, ta daina sanin nawa ne. Sai ƙafar dama ta ja baya a hankali, kuma kafin Verlene ta yanke shawara kukan ya riga ya fita daga jitar. Ƙugu ya sauka, ta dawo.

Wani sauti ya shigo daga gefe. Ƙafar Cleophus ta hagu ce ke dukan katakon da Ardell ya buga wa ƙusa. Ya ci gaba da dukan har sai da Gwaggo ta gaji ta faɗa kan lilo tana haki. Sannan ya ce, "To."

Mattie ta riƙa kawo uwarta kowace Talata da Juma'a har ranar taro. Gwaggo ta sa Mattie ma ta riƙa tashi tana taka rawar, wai gwiwa ba ta da alkawari.

Ranar Asabar ɗin an yi zafi irin na Agusta. Mutum ya kai ɗari da hamsin. Mai lasifikar ya zo, domin Ardell ya riga ya yi magana da shi, amma an ce ya jira sai an buɗe fili, kuma shi ne ya kafa makirufo a gaban kujerar Verlene. Wajen ƙarfe biyar ta saita jitar a jikin firiza, Baba yana murɗa kunnuwa, sannan Ardell ya turo shi har bakin filin. Ta hango faston cocinsu a gindin bishiya da burodi da nama a hannu. Wani ɗan uwansu daga St. Louis ya ɗaga murya ya tambaya ko za a zaga da farantin karɓar baiko kamar a coci. Aka yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta sunkuyar da kai.

Minti goma sha bakwai ta yi, a agogon Ardell. Gwaggo Ozella ta buɗe fili ita kaɗai, ta yi minti uku, ta kamo hannun Mattie ta tsayar da ita a gaban Verlene, ta koma ta zauna. Ƙafar Mattie ta fi ta uwarta gaggawa, kiɗan ya bi ta. Sau ɗaya yatsan sama ya zame, amma babban yatsa bai tsaya ba, kuma ban da Cleophus babu wanda ya lura. Can ƙura ta tashi, takalma suka cika gabanta har ta daina gane na Mattie, sai ta zaɓi wasu jajaye ta bi su. Da ta tsaya, ba ta jira tafi ya ƙare ba. Ta miƙa wa mahaifinta jitar, ta zaga bayan gida, ta kifa bokiti ta zauna. Ta daɗe tana numfashi kawai. Ardell ya same ta da faranti biyu, ya ce Baba na kan na biyu shi ma, fasto kuma bai ce uffan ba, ya dai nemi ƙarin yaji.

"Yaya," in ji shi, "ashe shekara arba'in kina ɓoye shaiɗanci a bayan fiyano."

Ta ce ya ba ta cokali ya rufe mata baki.

Har yanzu tana kaɗa fiyano ranar Lahadi. Jita kuma a baranda take kaɗa ta, ba ta taɓa shigar da ita falo ba. Mattie na zuwa duk mako biyu, wani lokaci da uwarta, wani lokaci ita kaɗai.

Talatar makon jiya firizar ta mutu. Ardell ya zo ya duba, ya ce wannan karon ba ta da gyara, aka kwashe naman zuwa gidan maƙwabta. Barandar ta yi wani irin shiru da ba wanda ya taɓa ji a gidan. Ranar Alhamis tsirkiyar ƙasa ta tsinke. Verlene ta sa sabuwa, ta zauna a kusurwar da ta saba, mahaifinta yana gefe yana kallon wurin da babu ƙugi. Ta rufe baki ta nemo amon a maƙogwaronta, ta riƙe shi, ta shiga murɗa kunnen jitar da kanta, tana jiran hannun hagun nan ya miƙo ya gyara. Bai miƙo ba. Ta bi sauran biyar, ta ja hannu a kan shidan ba tare da ta danne ko ɗaya ba.

Cleophus ya ce, "To."

Ta gyara zama, ta dubi ƙafarsa ta hagu, ta fara.